Yaye na Biyu: Ɗalibin Ajin Farko da Turancinsa

Uwargida ran gida, amarya ba kya laifi, 'yan mata adon gari, da iyayenmu tsofaffi masu sa mana albarka, barkanmu da hantsi, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu na mata. Da fatan an sallami 'yan makaranta, an ɗora sanwar rana. Mai surfe ta ɗan sassauta taɓarya, mai ɗinkin hula ta ci gaba da ɗinkinta, kunne kawai muke so a ba mu aro.

Zancenmu na yau ya taso ne daga wani saƙo da ya zo mana daga Indabo, ta ƙasar Wudil. Wata baiwar Allah ce, uwar 'ya'ya shida, ta sa ƙaninta ya rubuto mana, don ita ba ta yi boko ba, allo da Islamiyya ta yi. Ta roƙi kada mu faɗi sunanta. Yarinyar da take magana a kanta ma ba ta kama sunanta ba, kun san 'yar fari ce, akwai alkunya.

Ga abin da ke damunta. Yarinyar ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta ci JAMB, ta samu gurbi a jami'a. Uwar ta kwashi adashinta, ta sayar da tunkiya da 'ya'yanta biyu, aka haɗa da abin da maigida ya samu na gyaɗa, aka biya kuɗin rajista. Zangon farko ya ƙare, sakamako ya fito, yarinya ta faɗi kwas biyu, ɗaya daga ciki na Turanci ne. Ta dawo gida tana kuka, ta ce wa uwarta ita fa ba ta gane abin da malamai ke faɗa a aji, suna sauri, ba sa rubutu a allo, ba mai juya bayani da Hausa. Maigida kuma ya ce to a ga zango na biyu, in ba ta sake zani ba yarinya ta dawo gida, ga masu nema nan suna ta aike. Shi ne uwar take tambaya, ita da ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba, me za ta iya yi wa yarinyar nan?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka miki da alheri. Akwai abin da za ki yi, kuma yana da yawa. Amma bari mu fara gano ciwon kafin mu je ga magani.

Kun san idan yara sun gama sakandare akan yi musu biki, a ce bikin yaye ɗalibai. Kalmar nan ba a banza aka ɗauko ta ba. Mu mata mun fi kowa sanin yaye. Mace mai dabara ba ta cire yaro daga nono rana ɗaya. Tun da sauran watanni take saba masa da kunu da koko da ɗan tuwo mai laushi, ta yadda ranar da za a kai shi gidan kaka ya riga ya iya cin abinci da hannunsa. Wadda ba ta yi haka ba, kun san abin da ke biyo baya, kuka da rama da zawo. To karatu ma haka yake. Shekara 12 na firamare da sakandare ɗura ake yi wa yawancin yaranmu. Malam ya rubuta a allo, yaro ya kwafa. Littafin da Turanci, bayanin da Hausa. Jarrabawa ta zo, ya haddace, ya juye a takarda, ya fito ya manta. Rana ɗaya sai a ce an yaye shi, ya tafi jami'a. Can kuwa, a kwasa-kwasan da kowa ke yi, ɗalibai ɗaruruwa ne a ɗaki ɗaya. Malami ya yi awa biyu yana magana, ya faɗi sunayen littattafan da za a nema, ya tattara takardunsa ya fita. Ba mugunta ba ce, haka tsarin yake ko'ina a duniya. Malamin jami'a hanya yake nunawa, tafiyar ta ɗalibi ce.

Ni da nake muku wannan magana na ɗanɗana. Makona na farko a jami'a, na zauna a lakca da sabon littafi da sabon biro, ina jiran malam ya juya ga allo. Har ya gama bai taɓa alli ba. Na duba littafina, kwanan wata kawai na rubuta. Na koma ɗaki na rufe fuska da hijabi na yi kukana, ina cewa ashe ni daƙiƙiya ce ban sani ba. Wata yaya da ke aji uku ce ta zaunar da ni, ta ce ƙwaƙwalwata lafiya lau take, yaye ne bai karɓe ni ba. Don haka Hajiya, abu na farko da za ki gaya wa 'yarki shi ne ba ita kaɗai ba ce, kuma wannan ciwo yana warkewa.

Me ya sa muka ware Turanci? Saboda shi ne tukunyar da ake dafa kusan kowane kwas a cikinta. A JAMB darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne ga kowa, kuma tambayoyinsa 60 ne alhali sauran ukun 40 kowanne. Sai an samu kiredit a Turanci a WAEC ko NECO ko makamancinsu ake shiga jami'a. In an shiga ma ba a rabu da shi ba, duk ɗan ajin farko sai ya yi kwas ɗin Turanci na dole. A sabon tsarin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen 2022, GST 111 ake kiransa. Ku dubi jami'ar da ke nan kusa da ku a Wudil, wadda aka buɗe a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Ta kimiyya da fasaha ce, ana koyon noma da injiniyanci da kwamfuta. Amma littafin noman da Turanci aka rubuta shi, tambayar lissafin da Turanci za ta zo, rahoton gwajin da Turanci za a rubuta. Yaro ya san amsa a kansa, in bai gane tambaya ba ya faɗi.

Kuma ku sani, sakamakon jami'a tarawa ake yi tun daga zangon farko har na ƙarshe, kamar zubin adashi. Makin ajin farko yana bin ɗalibi har ranar da zai fita. Kwas ɗin da aka faɗi kuwa sai an maimaita shi, shi ne kuke jin yara suna cewa kari-oba. Wanda makinsa ya yi ƙasa sosai akan ba shi gargaɗi, in bai gyara ba a sallame shi. Shi ya sa ajin farko ba wurin wasa ba ne, amma kuma shi ne lokacin da gyara ya fi sauƙi, icce tun yana ɗanye.

To maganin fa? Shi ne ɗalibi ya koyi yin karatu da kansa, ba tare da an tsaya a kansa da bulala ba. Kuma wallahi Hajiya, ke da kika ce ba ki san komai ba, kin san wannan hanya tun kina yarinya. Ki tuna makarantar allo. Malam yakan biya miki sau biyu ko uku ne kawai. Wa yake zama ya yi ta maimaitawa har ya zauna? Ke ce. Wa yake tashi da asuba ya yi tishi don kada na baya ya zube? Ke ce. Sai kin kawo hadda ba gargada ake ce miki ki wanke allo. Wannan tarbiyya ita ce yaran boko da yawa suka rasa, ita kuma za mu mayar musu. Bari in jero abubuwan, ki riƙe su, in yarinya ta zo hutu ko ta kira waya ki gaya mata.

Na farko, lokaci tsayayye. Rabin awa a kullum ta fi awa biyar a daren jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ta zaɓi lokaci ɗaya ta ce wannan na Turanci ne, ko ana ruwa ko ana iska. Bayan sallar asuba ya fi, kai bai ɗauki hayaniya ba, waya ba ta fara ƙara ba. Wannan rabin awar daban take da karatun sauran kwasa-kwasai.

Na biyu, karatun daɗi. Yare ba ya shiga ta hanyar haddace dokokin nahawu kaɗai, sai an yi ta cuɗanya da shi. A farkon shekarun 1980 wasu masana biyu, Elley da Mangubhai, sun yi gwaji a makarantun ƙauye na tsibirin Fiji, inda Turanci ba yaren gida ba ne, kamar dai nan wajenmu. Suka cika wasu azuzuwa da littattafan labarai masu daɗi, yara suna karantawa kullum, wasu azuzuwan kuma aka bar su da darasin da aka saba. Kafin shekara ta zagayo, masu karanta labarai sun tsere wa sauran a fahimtar karatu da saurare. Mu kuma 'yan matanmu ai gwanayen karatu ne, ku dubi yadda suke cinye littafin Hausa mai kashi uku a kwana biyu. Wannan ƙwazon za a ɗan karkato da shi.

Sai dai a fara da mai sauƙi. Masana sun ce mutum ba ya jin daɗin karatu sai in cikin kalma 100 bai rasa sanin fiye da biyu ba. Ga yadda za ta gwada: ta buɗe shafi ɗaya, duk kalmar da ba ta sani ba ta lanƙwasa yatsa. In yatsun hannu ɗaya sun ƙare shafi bai ƙare ba, littafin ya fi ƙarfinta a yanzu, ta ajiye shi sai gaba. Kuma ta nemi labarin da ya san gidanmu. Akwai The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, na 1960, ɗan siriri ne, labarin ƙasar nan ne. Akwai The Undesirable Element na Mohammed Sule, mutumin Kano, na 1977. Akwai The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984. Akwai The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, wanda JAMB ta sa wa ɗalibai a 'yan shekarun baya, labarin zaman jami'a ne ma, ƙila yana nan cikin kwalin littattafan gidanku. Wata dabarar kuma, ta ɗauki littafin da ke da Hausa da Turanci. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa an fassara shi tun 1967. Ta karanta babi da Hausa, ta bi shi da Turanci. Tunda ta riga ta san inda labari ya dosa, kalmomin da kansu za su riƙa buɗe mata.

Na uku, ɗan littafin kalmomi da tishi. Ta sayi ƙaramin littafin rubutu wanda zai shiga jaka. Kullum kalma biyar, kada ta zarce. Ta rubuta kalmar, da ma'anarta, da jimlar da ta tsince ta a ciki, sannan ta ƙirƙiri tata jimlar a kan abin da ta sani, gonar babanta ko kasuwar Juma'a ta Wudil. Kalmar da aka rubuta ita kaɗai kamar akuya ce ba turke, da safe ba za a same ta ba. Ƙamus kuma dole ne. Akwai Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner da iyayenmu suka yi amfani da shi, akwai ƙamusoshin Turanci zalla da aka yi musamman don masu koyo, wasunsu ana sa su a waya.

Kada ku raina kalma biyar. Wata malama a ƙasar Niyu Zilan, Averil Coxhead, a shekarar 2000 ta tace littattafan jami'a na fannoni daban-daban, ta fitar da kalmomi 570 da suke yawan dawowa a cikinsu, ko wane fanni mutum yake karanta. Jerin yana nan a intanet kyauta. Ku yi lissafi, biyar a rana, kwana 114 ke nan, wata huɗu bai cika ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Amma fa sai da tishi. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya auna yadda mantuwa take, ya gano mafi yawan abin da mutum ya haddace yana zubewa ne a yinin farko, in kuwa aka waiwaye shi a kan kari sai ya daɗe bai zube ba. Alarammominmu sun san wannan tun kafin a haife shi. Saboda haka kalmomin yau a duba su gobe, a sake dubawa bayan kwana uku, sannan ranar Juma'a a bi na mako gaba ɗaya. Haka za ta yi wa abin da ta rubuto a lakca, kada ya kwana ba ta bi ta kansa ba.

Na huɗu, kuma a nan ne Hajiya aikinki ya fi girma: rufe littafi a faɗa da ka. Yara da yawa suna zaton karatu shi ne a yi ta kallon shafi ana ja masa layi. Ido ya saba da shafin, sai zuciya ta ce ai na iya. Ranar jarrabawa a nemi abu a rasa. A 2006 wasu masana a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗaliban jami'a. Wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu kuma suka karanta suka rufe suka yi ƙoƙarin tuno shi. Bayan mako guda, masu rufewa su tuno sun fi riƙe abin. Wannan ai ita ce hadda. To ke za ki zama mai karɓar hadda. Ki zaunar da ita kina tsinke zogale ko kina tankaɗe, ki ce, 'yar nan, abin da kika karanta yau, rufe littafin ki gaya mini da Hausa. In ta iya yi miki bayani har kika gane, ta gane. In ta fara in-ina tana cewa ai ba shi da Hausa, to ba ta gane ba tukuna, ta koma ta sake. Kin ga ba ki buƙatar jin Turanci kafin ki yi wannan. In tana makaranta ma, kiran minti biyar ya isa. Ribar biyu ce, ita karatu ya zauna, ke kin ƙaru.

Na biyar, kunne da baki. Yarinyar nan ta ce malamai suna sauri. Ba sauri suke ba, kunnenta ne bai saba ba. Rediyon nan da kike saurarenmu da ita makaranta ce. Ta fara jin labarai da Hausa, in an zo na Turanci kada a murɗa tasha, ta zauna ta ji. Tunda ta san abin da ya faru, za ta riƙa kamo kalmomin. Haka jarida, Aminiya da Daily Trust kamfani ɗaya ne ke buga su, sau da yawa labari ɗaya yakan fito a duka biyun. Sashen koyar da Turanci na BBC kuma yana da 'yan gajerun shirye-shirye na minti shida da ake saukewa a waya, a yi ta saurare ba tare da an sake kashe data ba. Sannan ta buɗe baki. Ta karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi, ta ɗauki muryarta a waya, ta saurara. Mu Hausawa mun san inda muke tuntuɓe, wajen harafin p da f, da kalmomin da baƙaƙe ke cunkushewa ba wasali a tsakani. Wannan ba abin kunya ba ne, kowace ƙabila da inda harshenta ke karyewa. Bature ma in ya zo faɗin ƙ da ɗ abin dariya ne.

A nan zan roƙi mutanen gida. Yarinya ta ɗan yi Turanci a tsakar gida, sai a kwashe da shewa, wai ga Baturiya, wai iyayi take. Daga ranar ta kama bakinta. A makaranta kuma tana tsoron ɗaga hannu kada a yi mata dariya. To ina za ta koya? Uwargida, ke ce za ki tsawatar. Koyon yaren wani ba ya rage wa mutum Hausarsa ko addininsa.

Na shida, rubutu. Layi biyar a rana ya isa, abin da ta yi yau, abin da ta gani a hanya. Bayan mako ta koma ta karanta, da kanta za ta ga kurakurai. Sannan ta nemi takardun jarrabawar shekarun baya, ta lura da kalmar da tambaya ta fara da ita. In an ce define, ma'ana ake so a taƙaice. In an ce compare, abu biyu za a jera a nuna inda suka haɗu da inda suka rabu. In an ce discuss, baje zancen ake so ta kowane gefe. Ɗalibai da yawa a nan suke zubar da maki. Sai kuma gargaɗi a kan manhajojin nan na waya da ake tambaya su rubuto wa mutum amsa sukutum. In ta rubuta nata ta nemi a nuna mata kuskure, ta ƙaru. In kuwa manhaja ce ta yi mata aikin gida ta kwafa ta miƙa, ta koma ɗura ke nan, kuma ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya.

Karatu da kai ba ya nufin kaɗaici. Ta nemi ƙawaye biyu ko uku masu natsuwa, su riƙa karɓar haddar juna, su ware awa ɗaya da ba a yin Hausa. Ta san hanyar laburare tun makon farko. In abu ya shige mata duhu bayan ta yi iya ƙoƙarinta, su je wajen malami su biyu ko uku, a ofis, da rana, da tambayarsu a rubuce. Mai tambaya ba ya ɓata.

Yanzu sauran abin da ke hannunki a gida, Hajiya. In ta zo hutu, mun san yadda ake yi, an samu mai taya aiki. Wanke-wanke ita, raino ita, ɗora tukunya ita. Ba mu ce kada ta yi aiki ba, mace sai da aikin gida. Amma ki yanke mata awa ɗaya a yini ki ce wannan ba mai aikenta, ko ƙanne ko abokiyar zama. Ki ba ta wuri, ko da kusurwar ɗakinki ce da tabarma. Fitilar nan mai caji da rana, in kin kwashi adashi na gaba, ki sa ta a lissafi. Wayar hannunta kuma ki sa ido, a lokacin karatu in ba ƙamus ko saurare take ba, a kife ta. Duk abin nan da na faɗa har da 'ya'ya maza, su ma suna faɗuwa, sai dai su ɓoye. Ƙannen da ke firamare da sakandare kuwa tun yanzu za ki fara saba musu da kunu kafin ranar yayensu ta zo. Ki sa yayar ta riƙa karanta musu labari da daddare, mai koyarwa shi ya fi kowa koyo.

Ku tuna 2022, lokacin da malaman jami'o'in gwamnati suka yi yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur yara suna gida. Wanda karatunsa sai da malami, ya koma makaranta kansa fayau. Wanda ya iya zama da littafi shi kaɗai, wata takwas ɗin nan riba ya zame masa. Ba mu fatan a sake, amma mai guzuri ba ya tsoron tsaiko a hanya.

Na san kuma cikin masu saurarenmu akwai matan aure da suka gama sakandare aure ya zo, littattafai suna ƙarƙashin gado, zuciya kuma ba ta haƙura ba. 'Yar'uwa, wannan magana taki ce. Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, tana da cibiya a Kano. Yawancin karatunta a gida ake yi, sai rajista da jarrabawa da makamantansu ke fitar da mutum. Akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna tun 1976, mai horar da malamai daga nesa. Wadda ba ta taɓa shiga aji ba kuwa, Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano tana nan tun 1980. Duk waɗannan, da yardar maigida, hanyoyi ne. Amma dukkansu jarinsu ɗaya ne, mace ta iya zama da littafi ita kaɗai.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke zuwa wajenta su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka har cikin gidajensu. Jaji ba ta kwana tana tsaron kowa, takan kawo karatu ta tafi, matan ne ke riƙe shi da kansu tsakanin daka da girki. A zamaninmu kuma ga Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta nemi ilimi da ƙafarta a ajin manya, ta zama marubuciyar da ta ba mu Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo Ne. Na biyun nan an fassara shi zuwa Turanci a 2012, ana karanta shi a ƙasashen da ba su taɓa jin Hausa ba.

Saura maganar maigida. Hajiya, kada ki tare shi da gardama. Shi ma gumin gonarsa ya zuba, yana da haƙƙin ya ji ciwo. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce Malam, na bincika, an ce abin da ya samu yarinyar nan yana samun yara da yawa a zangon farko, kuma kwas ɗin da ta faɗi ana sake rubuta shi. Ki sa ita yarinyar ta zo ta durƙusa ta nuna masa littafin kalmominta da lokutan da ta tsara, ya gani da idonsa, gani ya kori ji. Ki roƙe shi ya ba ta shekara guda cikakkiya, kada a yanke hukunci da zango ɗaya. In akwai wani malami ko yayansa da yake jin maganarsa, a sa shi a ciki. Ita kuma ki gaya mata gaskiya, tunkiyar nan da aka sayar amana ce a wuyanta, kuka ba zai biya ta ba, sai zama da littafi.

Agogo ya harare mu. Hajiya ta Indabo, muna jiran ki sake aiko mana bayan sakamakon zango na biyu, mu ji yadda aka kwashe. Sauran 'yan'uwa na Utai da Darki da Lajawa da Achika da ko'ina kuke, wadda ke da irin wannan damuwa ko wata dabara da ta gwada a gidanta ta yi aiki, ta aiko mana mu karanta kowa ya amfana. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya sa mu ci moriyarsu. A duba tukunya kada ta kama. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum warahmatullah.